Turken Damina

Ku 'yan zamanin bulo da siminti, in na ji kuna cewa ginin ƙasa ba wani aiki ba ne, wai laka ce kawai ake ɗorawa a kan laka, dariya nake yi in ƙyale ku. Ni ma na taɓa yin wannan tunanin, kuma na ji a jikina. Tunda kun matsa sai kun ji dalilin da ya sa har yau daga Rano zuwa Kibiya ba mai kirana Sale magini sai Sale Kusurwa, to ku ajiye cebur ɗin nan ku matso inuwa. A masallaci na samo sunan, amma ba don yawan ibada ba.

Ni ɗan Zinyau ne. Ina da kamar shekara goma sha biyar mahaifiyata ta kai ni Rano wajen wanta, Kawu Jibo, wanda a lokacin in aka ce magini a ƙasar nan to shi ake nufi. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, magana kuwa sai ka ce saye yake yi. Ba ya koyarwa da baki. In ka yi daidai ya yi shiru. In ka yi ba daidai ba ya sa ƙafa ya ture, ya sake yin shiru.

Shekara uku na yi ban taɓa bango ba. Aikina haƙo jar ƙasa da diga, in jiƙa ta, in bar ta ta kwana biyu ta tsumu, in watsa yankakkiyar ciyawa, sannan in shiga da ƙafa in yi ta cuɗawa har cinyoyina su daina jin magana. Daga nan a murza tubali, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a jera a rana ya bushe. Kawu kan zo ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shi daidai kafaɗarsa ya sake. In ya fashe, duk layin nan ya koma rami. Kayan aikinsa ba su cika mangala ba: fartanya, gatari, guduma, tsani, igiyar rama mai ƙulle-ƙulle, da wasu turaku na icen ƙirya da gara ba ta iya ci. Sauran duk hannu ne da ido. Da ya yarda na hau bango, sai na koyi zama a kansa kamar mahayin doki, ana cillo mini tubali daga ƙasa ina cafewa ina dannawa cikin laka. Na koyi barin bango ya sha iska kafin a ƙara masa tsawo, na koyi giciya azara, da sa indararo yadda ruwa zai zuba nesa da gindi, da shafa makuba, wato yaɓen ɓawon ɗorawa, mai kauri a bangon gabas, domin ta can hadari yake dukan gida.

Akwai wani zaure da muka yi wa wani mai sayen gyaɗa a Rurum. Mutumin ya ce shi dai bukatarsa inuwa a ƙofar gida, inda zai shimfiɗa buzu da tsakar rana ya karɓi baƙi. Kawu ya dube shi ya ce, inuwar damina yake so ko ta ɗari? Mutumin ya tuntsire da dariya, ni ma na taya shi, don na ɗauka tsohon ya yi raha, abin da ba ya yi sai shekara-shekara. Ashe tambaya ce ta gaske, ni ne ban san inda ta dosa ba.

Ginin masallaci kuwa Kawu yana da wata al'ada a kansa da mutane ke gunaguni. Ba ya karɓar masallaci ya fara shi a shekarar. In kuka zo masa da kaka ko da rani, sai ya ce ku jira. Sai ruwa ya sauka, gero ya fito ya kai taƙi, lokacin da ba mai tunanin gini, sannan ya hau jakinsa ya je filin da sassafe. Ni da damina Zinyau nake komawa in taya mahaifina noma, amma sau biyu na raka shi. Yakan kafa turke ɗaya a inda bayan masallaci zai kasance, ya tsuguna a bayansa ya rufe ido ɗaya. Ni kuma in tafi gaba da turke na biyu in riƙe. Da rana ta leƙo, sai ya yi ta yi mini nuni da hannu, matsa nan, dawo nan, har turkena ya tsaya a tsakiyarta. Sai in buga, mu tara duwatsu da ƙaya a kansu, mu tafi abinmu. Sai rani a dawo a ja igiya daga turke zuwa turke, a fitar da harsashi a kanta.

Ban taɓa tambayarsa me ya sa sai da damina ba, don na ɗauka na riga na gane. A bakinmu ai kalma ɗaya ce. Inda rana take fitowa gabas ne, inda ake kallo a salla ma gabas ne, ba wanda ya taɓa raba mini su. Saboda haka na yanke wa kaina hukunci cewa dalilai biyu ne: da damina Kawu ba shi da aikin yi, kuma ƙasa ta yi laushi, turke zai shiga ba wahala.

Ana saura shekara guda a karɓi mulkin kai, bayan an gama roron gyaɗa, sai ga mutanen wani ƙauye da ke bayan Fammar. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don jikokinsu ma ba su bar tsokanata ba. Limaminsu, Liman Buhari, shi ya jagorance su, dattijo mai fara'a wanda idonsa ya fara rauni. Masallacinsu na zana ne, iska ta kwantar da shi. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar, suna son su gina na soro a sabon fili, kuma suna son a gama kafin azumi, wanda zai kama a ƙarshen ɗari. Kawu ya saurare su har suka gama, ya ce, "Sai baɗi." Suka roƙa, suka haɗa shi da Allah, ya ƙi sauyawa.

Da suka fita na bi su har bakin hanya. Shekarata takwas ke nan a hannun Kawu, ina jin kaina, ina ganin tsohon nan tsufa ne kawai ya sa masa nawa. Na ce musu duk abin da ya sani na sani, kuma ni zan ba su masallaci kafin a ga wata. Shi kuwa Kawu na ce masa na sami aikin wani ɗaki a wajen Fammar. Ai ban yi ƙarya ba, masallaci ma ɗaki ne.

Ranar da na kafa turakuna sanyi ya kai inda ya kai, ruwan alwala kamar zai yanke yatsu. Ƙasa ta yi tauri, turke ya ƙi shiga. Sai na ce a kawo mini tulun ruwa, na kwarara a wurin, na ɗan jira, na buga, ya shige sumul. Wallahi har da murmushina. Na ce a raina, abin da Kawu yake jiran wata shida saboda shi, ga shi na gama da tulu ɗaya. Na tsuguna na rufe ido ɗaya yadda yake yi, rana ta fito jajir, na sa aka tsayar da turke na biyu a tsakiyarta, na ja igiya.

Da na fitar da harsashi, wani tsohon manomi ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce da ni, shi dai ya san tsohon masallacinsu waccan kukar yake kallo, amma wannan ga shi ya doshi tsamiyar bakin rafi. Na ce masa masallacin zana ai iska ce ke juya shi yadda ta ga dama, ni kuwa da igiya na auna. Ya ce to, magini ya fi shi sani, ya wuce.

Ba zan manta gayyar da mutanen nan suka yi ba. Maza na haƙa suna cuɗawa, mata na jido ruwa daga rafi mai nisa, tulu bayan tulu, makaɗi na biye da su yana wasa kowa da sunansa. Kowane gida da ranar da zai kawo tuwo. A cikin mako shida bango ya kai inda za a ɗora azara. Kuma in faɗa muku gaskiya, ginin ya yi kyau. Bangon nan a miƙe yake, gindi da kauri, yana sirancewa a hankali har sama. Na fitar da gurbin liman a tsakiyar bangon gaba, na yi masa ɗan baka mai kyan gani. Har mutanen wasu ƙauyuka suna ratsowa su kalla.

A bakin mai sayar da azara Kawu ya ji labari. Rannan an idar da azahar a waje, mutane ba su watse ba, sai ga shi a kan jakinsa. Na dake, na je na kama masa linzami. Ya gaisa da Liman. Ya zaga ginin sau ɗaya, yana buga bango da tafin hannu yana sauraron amonsa, har na ga ya gyaɗa kai. Na ce alhamdu lillahi, na tsira. Sai ya ce bai yi azahar ba, a ba shi buta. Ya yi alwala a tsanake, ya tuɓe takalmi, ya shiga masallacin da ba rufi. Ya wuce gurbin liman ɗin nan da na sha wahala a kansa ko kallo bai ishe shi ba. Ya juya hagu, ya fuskanci kusurwar da bangon gaba ya haɗu da na arewa, ya ta da kabbara.

Raka'a huɗu ya yi yana kallon lungu, jama'ar gari kaf na tsaye a ƙofa. Na ji wani yana raɗa wa Liman abin da ke faruwa, tunda shi ba ya hangowa. Da Kawu ya sallame ya fito yana gyara hula, Liman ya ce, "Malam Jibo, lafiya ka bar gaban masallaci ka kalli kusurwa?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni alƙibla na kalla. Masallacin ne ya kalli wani wuri."

Nan na fara rantse-rantse, ina cewa yadda yake yi haka na yi, turke biyu, igiya ɗaya, fitowar rana, ga shaidu nan. Bai yi musu da ni ba. Ya tambaya ko turakun suna nan, na ce suna nan. Ya ce to mu kwana, da safe in nuna masa.

Da safe na tsuguna a bayan turken farko cike da ƙarfin gwiwa. Rana ta fito, amma ba a kan turkena ba. Ta fito ta hagu da shi, da tazarar da ta fi kamu biyu. Na miƙe na ce lalle jakin wani ne ya yi susa da turken ya gusar da shi. Aka je aka duba, yana nan daram yadda na buga shi, har da busasshiyar lakar tulun ruwana a gindinsa.

Ranar na ji Kawu ya yi doguwar maganar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya ce rana gida biyu gare ta. Da tsakiyar ɗari tana fitowa can dama, wajen kudu. Daga nan kullum sai ta ɗan gusa hagu, kaɗan-kaɗan yadda ba ka lura, har farkon damina ta kai ƙarshen tafiyarta wajen arewa. A can takan zauna kamar kwana goma ba ta motsi, sannan ta juyo. Ya ce a ƙasarmu nan, gidanta na damina shi ne saitin Makka. Haka ubansa ya koya masa, haka kuma alhazan da suka je da ƙafa suka tabbatar. Ni kuwa na je na kama ta a gidanta na ɗari, inda ta fi nisa da alƙibla a duk shekara. Ko da gangan na yi, ba zan fi haka karkata ba. Tsohon manomin nan yana gefe, ya ce ai duk wanda ke sammakon gona ya san rana tana yawo. Ni ɗan manomi ne, tun ina ƙarami nake ganinta, amma ban taɓa dubawa ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Wasu suka ce a rushe. Liman ya ce a'a, ba za a zubar da wahalar matan da suka jido ruwa ba, kuma salla ba bango take bi ba. A rufe ginin, a ja layin sahu a ƙasa a karkace yadda Kawu ya nuna, a yi azumi a haka. Haka kuwa aka yi. Sai ka ga Liman ya shige lungu kamar mai ɓuya, sahun farko mutum uku, na tsakiya ya yi tsawo, na ƙarshe mutum biyu a matse. Gurbin da na ƙawata kuwa ya zama ma'ajiyar butoci. Duk baƙon da ya ratso ya yi salla sai ya tambayi wanda ya gina, su kuma ba sa ɓoyewa.

Kafin ƙaramar Salla suna ya riga ni zuwa kasuwar Kibiya. Wannan ita ce shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Sauran ranin nan kaf ba wanda ya kira ni ko yaɓen katanga. Mutum ɗaya ne ya ce in zo in yi masa akurki, shi ma da na je sai ya ce in fara tambayar kajin inda suke so su kalla. Na koma gidan Kawu, ya nuna mini rami da ƙafa, na shiga cuɗa ƙasa kamar ranar da aka kawo ni. Mutanen ƙauyen suka aiko cewa za su sake gayya a yi wani masallacin a gefe, amma sai in Kawu ne ya tsaya. Ya ce shi ba zai gina ba, wanda ya ɓata shi zai gyara. Sannan ya ce da ni in na kafa turken damina da hannuna a bana, zai mai da ni kan bango ya kuma tsaya mini. In na kasa, in tattara in koma Zinyau, fartanya ba ta tambayar alƙibla.

Ana tsakiyar zafin bazara muka je yaɓen gidan wani malamin elementare a Rano, Malam Isiyaku, saurayi mai son surutu da ya yi karatu a Kano. Ya riga ya ji labarina, wa ma bai ji ba. Da muka zauna shan fura na tambaye shi abin da ke cina, me ke sa rana wannan yawon. Sai ya yi tsalle ya miƙe kamar daman jira yake. Ya shiga gida ya fito da lemo da tsinken tsire, ya soke lemon ta tsakiya har tsinken ya ɓullo. Ya kife turmi a tsakar gida, ya roƙi Kawu ya zauna a kai, ya ce shi ne rana. Kawu ya gyara zama, da alama muƙamin ya yi masa.

Malam ya ce lemon nan ita ce duniya. Ya ɗiga gawayi a ɗan sama da cikinsa ya ce ga Rano. Ya murza tsinken, lemo ya juya, ɗigon ya zo gaban Kawu ya wuce ya koma baya. Ya ce to kun ga wuni da kwana ke nan, in mun fuskance ta gari ya waye, in mun ba ta baya dare ya yi, ita rana tana zaune inda take. Kawu ya ce in haka ne, me ya sa bai taɓa tashi da safe ya tarar ƙofar gidansa ta koma kallon Kibiya ba? Malam ya ce ai Kibiyar ma tare ake juyawa da ita. Kawu dai bai yarda ba.

Sai Malam ya ɗan kwantar da tsinken gefe guda, ya ce duniya ba a tsaye take cak ba, a jirkice take, kuma kullum gefe ɗaya ta jirkita. Ya fara zagaya turmin a hankali yana riƙe da lemon a haka, ya ce zagaye ɗaya shekara guda ke nan. Da ya tsaya a wannan ɓangaren, sai ga saman lemon, inda ɗigonmu yake, ya sunkuya wajen Kawu. Ya ce a nan rana takan fito mana ta wajen arewa, wuni ya ɗan fi tsawo, ƙasa ta ɗau zafi ta jawo iska mai ruwa daga teku, damina ke nan. Ya zaga ɗaya ɓangaren, sai ga samansa ya kauce baya. Ya ce a nan kuma rana ta koma kudu, wuni ya gajarce, sanyi ya sauko. Shi ya sa inuwar tsakar rana take faɗuwa arewa da ɗari, da farkon damina kuma ta koma kudu. Nan take zauren mai gyaɗar Rurum ya faɗo mini a rai. Malam ya ce mu da muke kusa da cikin lemon abin da sauƙi, amma a ƙasar Turawa akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa sai an kusa raba dare. Kawu ya ce shi ya sa ba sa azumi.

Da aka gama, Kawu ya karɓi lemon ya juya shi a hannunsa yana duban tsinken. Ya ce shi batun juyawar nan a bar shi tukuna, sai ya yi tunani. Amma jirkicewar ya yarda da ita, don ta yi daidai da abin da turakunsa ke gaya masa shekara arba'in. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka ji ko, Sale? Ashe duniyar ma a karkace take. Sai dai karkatar da Allah Ya yi tana kawo damina. Taka kuwa butoci kawai ta samar wa ɗaki." Ya ɓare duniyar ya ba ni rabi.

Kawu yana da wani dutse a bayan gidansa da yake zama a kai da safe, daga nan yana hango wata tsaga a duwatsun gabashin gari. In rana ta fara fitowa ta tsagar nan, ya san ta isa gida. Bayan babbar Salla da 'yan kwanaki ya kira ni ya ce ta isa, in tafi, kwana goma gare ni. Ya ba ni turakunsa na ƙirya. Na isa ƙauyen da yamma, na share sabon filin, na kafa turken baya.

Abin da ban lissafa ba shi ne, damina ba ta san da zamana ba. Safiyar farko gabas ta toshe da gajimare, rana ba ta bayyana ba sai da ta yi sama, lokacin ba ta da amfani a wurina. Ta biyu haka. Ta uku da yayyafi aka tashi. Manoma na ta murna suna wucewa gona da fartanyu, ni kaɗai ne a garin nake tsugune a bayan turke ina hararar sama. Liman Buhari ya ce da ni, "Ɗana, na san abin da kake roƙo. Ka roƙa a hankali, kada ka kore mana ruwa." Kwana bakwai ina wannan tsuguno. Na fara tunanin yadda zan shiga Zinyau da buhun kayana a ka, da abin da zan ce wa mahaifiyata. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Da la'asar ɗin rana ta bakwai sai ga Kawu a kan jaki. Ya ce man shanu ya zo nema a rugar da ke kusa, kamar a Rano an daina sayarwa. Aka yi ruwa mai ƙarfi a ranar. Washegari da muka fito daga sallar asuba sama ta wanke tas, gabas ta yi ja, ko ɗigon gajimare babu. Na ruga fili, mutane suka biyo ni. Na tsuguna, sannan na tuna ban sa wanda zai riƙe mini turken gaba ba. Ina ɗaga kai sai na ga Kawu ya riga ya ɗauka, da guduma a ɗaya hannun, yana tafe a cikin laka da gajerun ƙafafunsa. Ya je daidai inda nakan tsaya masa, ya riƙe turken, ya juyo yana jirana.

Rana ta leƙo, can hagu, kusa da kukar da tsohon manomin ya faɗa. Na rufe ido ɗaya. Na yi masa nuni ya matsa hagu, ya matsa. Na ce ya ƙara, ya ƙara. Ya ɗan zarce, na ce ya dawo kaɗan, ya dawo. Shekara tara ina gidansa, ranar ce ta farko da na ba shi umarni ya bi. Da turken ya tsaya a tsakiyarta na ɗaga hannu, ya buga sau uku, ya shige. Aka ja igiya. Wani ya je ya tsaya a tsohon ginin ya duba, ya dawo ya ce igiyar nan da kusurwar da Malam Jibo ya kalla hanyarsu ɗaya. Liman ya yi addu'a, aka shafa.

Kawu ya dawo yana goge hannu a riga. Daman na taɓa gaya masa dalilin da na ɗauka yana sa shi jiran damina. Ya miƙo mini gudumar ya ce, "Ka ga yadda ya shiga ba wahala? Ai ƙasar ta yi laushi."

Bayan an yi bikin mulkin kai an gama kaka, mutanen suka sake gayya, matan nan suka sake jido ruwa, suna yi suna yi mini waƙar kusurwa. Tsohon ginin aka mai da shi ajin yaƙi da jahilci, don allon bango ba ruwansa da inda ya kalla. Sunan kuwa ya zauna mini, har ya zama in za a gina masallaci a ƙasar nan sai a ce a kira Kusurwa, shi ya taɓa ƙonewa, ba zai sake ba. Ku yanzu kuna da kamfas, ku sa a tafin hannu ku gama a minti ɗaya, ban ce ku yar ba. Ni dai na fi yarda da shi in ya yi daidai da turkena.

Duk tsawon ginin nan na biyu Kawu bai taka ƙauyen ba, sai ranar da na sa indararo na ƙarshe. Ya zo bayan azahar, kuma na tabbata da gangan ya makara. Gari ya taru a ƙofa kamar wancan karon. Ya zaga, ya buga bango, ya nemi buta, ya yi alwalar nan tasa da ba ta ƙarewa. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya tsaya a tsakiya, ya dubi kusurwar hagu, ya dubi ta dama, sai da ya tabbatar numfashina ya tsaya. Sannan ya miƙe sak ya fuskanci bangon gaba ya ta da kabbara. Tunda nake ban taɓa jin daɗin ganin ƙeyar mutum kamar ranar ba.